An ce in shiga gwajin sabon maganin albaras, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Albaras nake fama da shi. Farin ya fara daga gefen baki, yanzu ya kama kewayen ido da bayan hannu. Na shafa man sitiroid, na koma wani man shafawa mai suna tacrolimus, canjin bai taka kara ya karya ba. Likitan fatar da nake gani ya ce ana gwajin wani sabon man shafawa, kuma na cika sharuɗɗan shiga. Sai dai dole in ajiye duk abin da nake shafawa na wasu makonni kafin a fara, sannan wai wasu man da babu magani a ciki za a ba su, kuma ba a gaya wa mutum wanne ya samu. Mahaifiyata ta ce kada in bari a mai da ni abin gwaji. Ni kuwa na gaji da kallon da ake mini. Ya ba ni takardu in je in karanta. Me kuke gani?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba ki lafiya. Fara tambayarsa gwajin a mataki na nawa yake. A mataki na 1 mutane kaɗan ake ba, ana duba ko yana da illa. A na 2 ana neman adadin da ya dace. A na 3 ɗaruruwa ko dubbai ake ɗauka, an riga an san abubuwa da yawa game da shi. Batun ɓoye miki wanda aka ba ki kuwa ba yaudara ba ce. Kwamfuta ce ke rabawa kamar ƙuri'a, shi kansa likitan yawanci bai sani ba, domin ido na ganin abin da zuciya ke fata, kuma wani lokacin launi kan ɗan dawo da kansa. In ba a kwatanta rukuni biyu ba, ba za a san aikin maganin ba ne ko a'a. Kuma ko kin sa hannu, kina da ikon fita duk ranar da kika ga dama, ba tare da an daina duba ki ba.

Wani ɗan uwa: Ni dai ina bayan Mama. A Tuskegee ta Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu tunjere babu magani don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki, har bayan an samu fenisilin da ke warkar da ita. Tsoron iyaye ba a banza yake ba.

Ma'aikaciyar jinyar: Gaskiyarka Malam, hakan ya faru, kuma irinsa ne ya sa aka tsaurara dokoki. Shi ya sa za ta duba ko takardar na ɗauke da sunan kwamitin ɗa'a da ya amince da binciken, da lambar rajista da za ta iya nema a ClinicalTrials.gov, shafin intanet da ake rajistar gwaje-gwajen magani. In babu su, ko aka ce ta biya kuɗin shiga, ta kama gabanta.

Wani mai harhaɗa magunguna: Hajiya, bari in ba ki misalin da zai daidaita miki tsammani. Man ruxolitinib, wanda ake sayarwa da sunan Opzelura, ta irin wannan hanya ya fito. Albaras garkuwar jiki ce ke kashe ƙwayoyin da ke samar da launin fata, shi kuma man yana toshe saƙon da ke ingiza ta. An gwada shi a kan mutum 674. Kashi biyu cikin uku sun samu maganin, sauran man wofi, wato wanda babu magani a ciki. Bayan mako 24, kusan kashi 30 cikin ɗari na masu maganin ne launin fuskarsu ya dawo sosai, a ɗaya rukunin kuwa wajen kashi 10. Da aka kai mako 52, waɗanda launinsu ya dawo sosai sun kai kusan rabin masu maganin. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Yulin 2022. Kin ga ko wanda ya ci jarrabawa ba kowa ya yi wa aiki ba, kuma ba da wuri ba. Fuska ta fi hannu karɓa, saboda launin daga tushen gashi yake tasowa, yatsu kuwa gashinsu kaɗan ne. Abin da ya fi muhimmanci gare ki: a wancan gwajin, bayan mako 24 an ba masu man wofi maganin gaske. Ki tambaya ko naku haka yake.

Wata baiwar Allah: Na taɓa shiga gwajin maganin wata cutar fata daban. Abin da ya fi gajiyar da ni zirga-zirga ce da ɗibar jini. Ki tambayi ina hotunan fuskarki za su je. In kuma kina da niyyar ɗaukar ciki, ki faɗa tun yanzu, yawancinsu ba sa ɗaukar mai wannan shiri.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, mataki na 3 ne, akwai lambar rajista. Amma Anti, farin nawa har yanzu ƙaruwa yake yi.

Ma'aikaciyar jinyar: To nan ne gizo ke saƙa. Mai albaras da ya tsaya wuri ɗaya ba ya asarar komai sosai in ya faɗa rukunin man wofi. Ke da naki ke yaɗuwa, watanni ba magani na iya barin sabbin tabo. Ki tambaye shi kai tsaye: in ya ci gaba da bazuwa ana cikin gwaji, me za a yi miki, kuma a wane lokaci? Wa zai ɗauki nauyin jinya in man ya yi miki illa? Ya nuna miki amsar a rubuce cikin takardar. Ranar da za ki koma ki tafi da Mama, ta yi nata tambayoyin da bakinta.