Farautar talotalon daji a bazarar Amurka: me shekaru suka koya muku?

Baban Khadija, Missouri

Assalamu alaikum 'yan'uwa mafarauta mazauna Amurka. Afrilu ta gabato, na sabunta lasisina, na kuma zaga dajin da na saba shiga don in saurari inda suke kwana. Dalilin da ya sa na buɗe wannan zance shi ne ƙannenmu da suka fara neman shiga harkar suna yawan tambayata wane abin kira za su saya, wace bindiga. Amsata a kullum ita ce su fara koyon zama. A ɗabi'ar talotalo, namiji ne ke kuka daga bisa itace da asuba, mace ta taho wurinsa. Kai maharbi kana kwaikwayon muryar mace ne kana so namijin ya taho gare ka, wato kana neman ya saɓa wa halittarsa. Shi ya sa zai amsa maka sau da yawa amma ya toge a nesa yana baza wutsiya, yana jiran macen ta fito. Wanda ya gaji ya motsa, ya yi asarar safiyarsa. Kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa, don masu tasowa su ƙaru.

Na Ozark

Wa alaikumus salam Yaya. Zancenka dutse. Ni abin da zan ƙara shi ne hantsi. Yawancin mutane da ƙarfe takwas sun tattara sun koma mota, saboda toron ya sauko ya bi matansa ya yi shiru. To amma idan bazara ta yi nisa, matan sukan zame da hantsi su tafi sheƙa su yi ƙwai, su bar shi shi kaɗai. A lokacin ne yake jin kira da gaske. Mafi yawan waɗanda Allah ya ba ni a dajin Mark Twain da ke nan Missouri, tsakanin tara da sha ɗaya ne suka zo, wasu ma ba su yi kuka ko sau ɗaya ba, sai ƙarar busasshen ganye na ji a bayana. A filayen gwamnati na jiharmu ƙarfe ɗaya na rana ake tashi, don haka nakan zauna har lokacin ya cika.

Dattijon Pennsylvania

'Ya'yana, sannunku. Ni zan yi magana kan rai kafin nama. A nan Pennsylvania doka ta hana ka laɓaɓa ka bi kukan talotalo a bazara, kira kawai aka yarda da shi, kuma ina goyon bayan dokar ɗari bisa ɗari. Muryar da kake ji a cikin kurmi tana iya zama ta wani maharbin da ya fi ka iya kira, yana zaune cikin kayan sajewa da bindiga a kan gwiwa. Na taɓa ganin wani saurayi yana rarrafowa wajen gunkin macen da na kafa. Ban ɗaga hannu ba, don motsi shi ke jawo harbi. Murya na ɗaga na ce masa akwai mutum a nan. Ya tsaya cak, jikinsa na rawa, muka gaisa, ya juya.

Ku jingina da itacen da ya fi kafaɗunku faɗi. Kada ku sa ja, ko fari, ko shuɗi, domin launukan kan namijin ke nan idan ya harzuƙa. Hatta farar safa ko farar hula ku bar su a gida. Kada ku ja kunama sai kun ga gemun da ke ƙirjinsa sarai, kun kuma ga abin da ke bayansa. Sannan kaska. Jiharmu na cikin waɗanda cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa, ta fi yawa a ƙasar nan. Ku fesa wa kayanku maganin permethrin su bushe kafin ku sa, ku cusa ƙafar wando cikin safa, ku duba jikinku da kyau in kun dawo.

Auta a Texas

Baba, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Mu namu a nan irin Rio Grande ne, ba irin na gabas da kuke fama da shi ba. Ƙasar a buɗe take, manyan itatuwa sai a bakin rafi, don haka wurin kwanansu sananne ne, kuma bakinsu ba ya shiru. Matsalarmu ta wurin shiga ce, kusan duk ƙasar Texas ta masu gonaki ce, sai ka biya ko ka san wani. Tambayata ga manya: ana ta tallar harsashin tungsten, ana cewa yana kaiwa yadi 60. Ya kuke gani?

Baban Khadija, Missouri

Auta, harsashin yana da kyau, ya fi darma nauyi, shi ya sa ƙananan ƙwarorinsa ke ratsawa, har yara na iya amfani da ƙaramar bindiga .410 ba tare da ta doke su a kafaɗa ba. Amma ni ban wuce yadi 40 ba, kuma ba zan wuce ba. Kai da wuya ake nufa, wuri ne ɗan ƙanƙane. In ya yi nisa, raunata shi za ka yi ya tashi ya je ya mutu a inda dila zai ci. Ga kuma maganar halal: ina yin bisimilla lokacin harbi, in ruga da wuƙa in yanka idan da sauran rai. Daga nesa kafin ka isa ya ɓace maka. Ka gwada bindigarka a jikin takarda kafin ranar buɗewa, ka ga yadda take watsa ƙwarori.

Malamin Jojiya

Ni damuwata daban ce, kuma ina roƙon ku ba ni haƙuri in tsawaita. Lokacin da na fara, in na tsaya a kan tudu da duku-duku na yi kukan mujiya, ta kowace kusurwa amsawa suke. Yanzu akwai safiyar da ba na jin ko ɗaya. Ba ni kaɗai ba ne. Hukumar jiharmu ta rage adadin da mutum zai harba daga uku zuwa biyu a 2022, ta kuma jinkirta ranar buɗewa don a bar manyan maza su yi barbara tukuna. Kansas ta soke farautar kaka gaba ɗaya a 2023. Mace tana yin ƙwai goma zuwa sha biyu a ƙasa, ta kwanta a kansu kwana 28, rakun (wata ƙaramar dabba mai cin ƙwai) da sauran ɓarayin sheƙa na zagaye. Waɗanda aka ƙyanƙyashe kuma kusan mako biyu suke yi kafin su iya hawa itace, a nan ne ake rasa mafi yawansu, musamman inda ciyawa mai ƙwari da wurin ɓuya suka ƙare.

Wannan tsuntsu ya taɓa kusan ƙarewa a shekarun 1930. Abin da ya dawo da shi kuɗin mafarauta ne, ta dokar Pittman-Robertson ta 1937 da ta ware harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji, sai kuma ragar da ake harbawa a rufe garken daji a kai shi wata jihar, dabarar da ta fara yin nasara a South Carolina a 1951. An gwada sakin waɗanda aka kiwata a keji, ba su rayu ba. Ƙungiyar National Wild Turkey Federation da aka kafa a 1973 ta taimaka wajen wannan jigila. To abin da aka sha wahala haka aka dawo da shi, ba zan so ya lalace a hannunmu ba. Ni yanzu ɗaya nake ɗauka a shekara ko da doka ta ba ni biyu, kuma ina ƙyale samarin, waɗanda gemunsu gajere ne, gashin tsakiyar wutsiyarsu ya ɗara na gefe tsawo.

Na Ozark

Malam, Allah ya saka da alheri, nima na ga raguwar. Wani abu da ban ambata ba: bazarar 2022 da ta 2023 sun haɗu da azumi. Sahur a mota, sallar asuba a bakin daji, sannan in taka a hankali ba tare da fitila ba zuwa gindin itacena. Abin kiran da ake sawa a baki na ajiye shi saboda azumi, na koma ga ɗan akwatin katako da allon da ake gogawa da tsinke. A nan na gane kira kaɗan ya isa. Sau biyu ko uku a hankali, in ɗan tona ganye da hannu kamar mace na kiwo, in yi shiru.

Auta a Texas

Na ji duka. Gobe zan kai bindigar filin gwaji in auna ta a yadi 30 da 40. Yaya Baban Khadija, in na samu lasisin baƙi na Missouri a shekara mai zuwa, za ka yarda in zauna kusa da kai in ga yadda ake yi da na gabas?

Baban Khadija, Missouri

Bismillah ƙanena, gida naka ne. Ka taho da takardar shaidar kwas ɗin farauta, da takalmin da ba ya shan ruwa, da matashin zama mai kauri, don za mu daɗe a ƙasa.