Firam 24 ya sa hotona yana layi-layi, mene ne mafita?

Sabon_Shiga:
Salam 'yan uwa masu harkar kyamara. Don Allah ku taimaka min, na ɗauki wani gajeren fim a firam 24 a sakan (wato kyamara na ɗaukar hotuna 24 a kowane sakan) saboda an ce shi ne ke sa hoto ya yi kama da na silima, to wanda muka ɗauka a waje da rana lafiya lau, amma na cikin ɗaki sai ka ga wasu layuka masu duhu suna hawa sama a hankali, fitila kamar tana ƙyafta ido. Shata ta, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga kowane firam, tana 1/60 na sakan. Sannan akwai wasu 'yan wurare da muka ɗauka da waya, da na haɗa su wajen editin sai suna tsalle-tsalle.

Mai_Tacewa:
Wa alaikumus salam. Malam ba laifin 24 ba ne, shatar ka ce. Wutar Najeriya 50 hats ce, ma'ana fitilar tana ƙaruwa tana raguwa sau 100 a sakan ko da ido bai gani, ita kuma 1/60 ta masu wutar 60 ce irin Amurka. Mayar da ita 1/50, daman ita ce kusa da ninki biyu na firam ɗinka. In rana ta yi ƙarfi kar ka ɗaga shata, sa filtar ND, gilashin nan mai rage haske da ake sawa a gaban kyamara, in ba haka ba motsin 'yan wasa zai bushe ya rasa wannan ɗan laushin da kake nema.

Tsohon_Hannu:
Ni dai ra'ayina ku daina wahalar da kanku, ku ɗauka a 25. Tsarin talabijin ɗinmu, wanda ake kira PAL, firam 25 yake tafiya, kuma wallahi a YouTube ba mai kallon da zai bambance 24 da 25. Shi 24 ɗin ma tun ƙarshen shekarun 1920 aka tsaya a kai lokacin da sauti ya shigo fim, ba wani sihiri ba ne. Haske da kala su ke ba da kamar silima. Kuma in da ƙaramin janareta kuke aiki, shi ba ya zama daram a 50, ko ka gyara shata fitila mai arha za ta iya ci gaba da rawa, gwada kafin darakta ya ce akshin.

Mai_Tacewa:
Haka ne yallaɓai, amma ya riga ya ɗauka a 24 ai. Batun waya kuma, yawanci 30 take ɗauka, in ka jefa a taimlayin (layin da ake jera bidiyo wajen editin) na 24 sai manhajar ta riƙa yar da firam ɗaya cikin biyar, tsallen kenan. Rage gudunsa zuwa kashi 80 in babu magana a wurin. Gaba in kana son sulo, wato motsi a hankali, ɗauki 60, a 24 za ka iya rage gudunsa zuwa kashi 40 sumul. Kuma duba da kyau, kyamarori da yawa in sun rubuta 24 to 23.976 ne.

Sabon_Shiga:
Na gode sosai Allah ya saka. DaVinci Resolve nake amfani da shi wajen editin, na duba kuwa 23.976 ne, amma wurin canza firam na furojet ɗin ya ƙi taɓuwa.

Mai_Tacewa:
Eh yana kullewa da zarar ka shigo da bidiyo. Buɗe sabon furojet, saita firam tukuna sannan ka jawo kayanka.