Fim ɗaya hoto ba murya, ɗayan ma ya ƙi buɗewa: ta yaya zan gane kodek ɗin da suke nema?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai finafinai biyu a filashi, dukansu MKV. A kwamfuta da VLC lafiya lau suke tafiya. A talabijin kuwa, ƙirar 2019, na farko hoto tar amma babu murya ko kaɗan, na biyu kuma da an danna sai ta ce ba ta san wannan fayil ba. An sauya wutsiyar sunan daga .mkv zuwa .mp4, jiya i yau. To ina matsalar take, kuma ta yaya ake duba abin da ke cikin fayil?

Injiniya_Tudunwada:
Wa alaikumus salam. Malam, MKV da MP4 da AVI mazubi ne kawai, ba su ne kodek ba. Kodek shi ne tsarin da ake matse hoto ko murya da shi, a kuma warware su lokacin kallo. A cikin mazubin akwai hoto daban, murya daban, wani lokaci har da rubutun fassara, kowanne da irin matsin da aka yi masa. Sauya wutsiyar suna kamar sauya takarda ne a jikin jarka, man da ke ciki yana nan yadda yake. Maida .mkv ɗinka tukuna.

Tunda kana da VLC, buɗe fim ɗin ka danna Ctrl da J tare. Za ka ga Stream 0, Stream 1 da sauransu. Karanta layin Codec a ƙarƙashin kowanne. H264 ko avc1 shi ne H.264, ana kuma ce masa AVC, wanda ya fito tun 2003, kusan kowace na'ura tana karanta shi. HEVC shi ne H.265 na 2013. A52 kuma AC-3 ke nan, wato muryar Dolby, haka VLC ke kiranta.

Amma ba duka bayanan ne VLC ke faɗa ba. Sauke manhajar MediaInfo, kyauta ce, akwai na kwamfuta akwai na Android. Jefa fayil ɗin ciki, ka zaɓi View sannan Text. A ɓangaren Video layi huɗu nake so: Format, Format profile, Bit depth, da faɗi da tsayin hoton. A ɓangaren Audio kuma Format da Channel(s). Ka lura ko Audio ɗin ɗaya ne ko biyu. Kwafo mana su nan.

Ɗan_Fagge:
Allah ya saka da alheri. Na farko: AVC, High@L4.1, 8 bits, 1920x1080, murya DTS, 6 channels, guda ɗaya ce. Na biyu: AVC, High 10@L4.1, 10 bits, murya AAC, 2 channels. Ai duka AVC ne, me ya sa ɗaya ya ƙi?

Injiniya_Tudunwada:
Yauwa, ga ɓarayin nan duka biyu. Na farko hotonsa ba shi da laifi, kodek ɗin muryarsa, wato DTS, ita ce matsalar. Lasisi ake biya kafin a sa ta a talabijin, kuma wasu kamfanoni sun daina: Samsung ta cire ta daga ƙirar 2018, LG ma ta cire a ƙirar 2020. Saboda haka kada ka taɓa hoton, muryar kaɗai za a juya. Da ffmpeg, manhajar juya bidiyo da ake rubuta wa umarni a baƙin allon rubutu (a.mkv shi ne sunan fim ɗinka):

ffmpeg -i a.mkv -map 0 -c copy -c:a aac -ac 2 -b:a 192k sabo_a.mkv

Wannan yana kwafe hoton yadda yake, ba ya rage masa kyau, kuma 'yan mintuna ne an gama. In kana da sifikoki shida kana son kowace ta yi magana, sa -c:a ac3 -b:a 640k, ka cire -ac 2.

Na biyu ya fi wuya. Kalmar nan High 10 ita ce ta kashe shi. Guntun da ke warware bidiyo a cikin talabijin da wayoyi an gina shi ne don H.264 mai 8 bits. Mai 10 bits kusan babu wanda ke karanta shi, sabuwa ce ko tsohuwa. Abin mamaki, HEVC mai 10 bits, wato Main 10, yawancin talabijin masu 4K suna karanta shi ba gardama. VLC kuwa yana zuwa da nasa kodek ɗin, ƙarfin kwamfuta yake amfani da shi, shi ya sa bai nuna maka wata matsala ba. A nan dole a sake matse hoton gaba ɗaya:

ffmpeg -i b.mkv -c:v libx264 -pix_fmt yuv420p -crf 20 -c:a copy -c:s copy sabo_b.mkv

Wancan yuv420p shi ne ke maida shi 8 bits, in ka manta shi aikin banza ka yi. Ka tanadi wuta, domin fim mai tsawon awa biyu yana iya cin awa guda ko fiye a ƙaramar kwamfuta.

MaiTura_Maraɗi:
Injiniya ya gama magana. Ga wanda baƙin allon rubutu ke ba tsoro, manhajar HandBrake tana yin aiki na biyun: zaɓi Fast 1080p30, ka tabbata a Video Encoder an rubuta H.264 (x264), ba mai 10-bit ba.

Ɗan'uwa, kar wani ya ce maka ka sauke tarin kodek irin su K-Lite don wannan. Windows kaɗai yake wa amfani, ba a zuba kodek a talabijin. Abin da aka haife ta da shi, shi ke nan.

Kuma ba kullum kodek ne mai laifi ba. Filashi mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabayit 4, wasu tsofaffin na'urori kuma ba sa ganin filashi mai tsarin exFAT. Na'urar DVD mai kafar filashi da ƙananan talabijin na da, yawancinsu kodek ɗin Xvid ko DivX cikin AVI suke so, girman hoto kar ya haura 720x576, murya MP3. Ka ba su MP4 mai 1080 sai dai su yi ta kallonka.

Ɗan_Fagge:
Na farkon ya yi, murya ta fito sarai. Na biyu yana kan kashi 40, ina jira. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira.