Wai me ya haɗa besbol da kiɗa a Detroit ne?

Sabon_Zuwa: Salam 'yan uwa. Karatu ne ya kawo ni Detroit, mai gidan da nake haya dattijo ne mahaukacin masoyin Tigers, ya ja ni Comerica Park kallon besbol, wallahi dokokin wasan ban gane komai ba amma na lura duk wanda zai fito dukan ƙwallo sai an sakar masa wata waƙa daban, ana cikin zagaye na 7 kuma kowa ya miƙe tsaye ana rera waƙa tare. Da na tambaye shi sai kawai ya ce ai nan garin Motown ne. Waye zai warware min?

Baffan_Mishigan: Wa alaikumus salam ƙanena, barka da zuwa garin sanyi. Waƙar nan ɗan wasan ne da kansa yake zaɓa, ka ɗauke ta kamar taken ɗan dambe, makaɗi na sauya kiɗa kowa ya san wanda zai fito. Wannan kam duk filayen Amurka ana yi, har miƙewar zagaye na 7 ɗin. Abin da tsohon yake nufi daban ne. Motown kamfanin waƙa ne da Berry Gordy ya kafa a 1959 a wani ɗan gida a West Grand Boulevard, can su Stevie Wonder da Marvin Gaye suka tashi, gidan yana nan an mai da shi gidan tarihi, ka leƙa.

Uwar_Hanan: Baffa ka bar mai daɗin ai, 1968! Shekara ɗaya bayan tarzomar 1967 da aka ƙona unguwanni, Tigers suka kai wasannin ƙarshe da St. Louis Cardinals, wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai shi ke ɗaukar kofi. Mai sharhin Tigers na rediyo Ernie Harwell, shi ma yana taɓa rubuta waƙa, shi aka ba zaɓen masu rera taken ƙasa. A wasa na 4 Marvin Gaye ya rera. A na 5 sai ga José Feliciano, makaho ɗan Puerto Rico da jitarsa, ya ja taken a hankali da salonsa, kai jama'a, aka yi masa ihu a fili, mutane suka yi ta buga waya gidan talabijin wai ya wulaƙanta ƙasa, ga yaƙin Biyetnam ana ciki kowa a wuya yake. To ranar Tigers suka ci, alhali an ci su 3 sun ci 1, suka kuma haɗa da sauran biyun suka ɗau kofi. Da Harwell ya rasu a 2010 sai da aka sake gayyato Feliciano ya rera a Comerica Park.

Dan_Pillars: Ni fa wasan da za a kwashe awa uku ana tsaye ana tauna cingam, dole a sa kiɗa kar mutane su yi barci 😂

Baffan_Mishigan: Kai dai ba ka rabo da tsiya. Hajiya kin tuna min, Denny McLain mai jefa ƙwallon Tigers da ya ci wasa 31 a kakar nan shi kansa makaɗin ogan ne (abin kiɗa mai kama da fiyano), har faifai ya fitar. Amma ni a ganina kar a cika zuzuta abin, Motown ta tattara ta koma Los Angeles tun 1972, tsohon filin Tiger Stadium ma an daina wasa a ciki 1999, yaran yanzu rap da waƙoƙin Sifaniyanci suke zaɓa, da yawansu ma ba 'yan garin ba ne. Tsofaffi ne ke riƙe da labarin.

Sabon_Zuwa: Na gode ƙwarai. Ashe shi ya sa yake ta ambaton 68. Ya ce Asabar za mu koma, sai dai Baffa don Allah wani ya fara koya min yadda ake ƙirga maki tukuna.