Wai wanda bai kai maki 250 ba ya yi asarar kuɗinsa?

Shamsu Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum likitocin Katsina. Zan faɗi wata magana, mai jin haushi ya ji. Duk wanda zai zauna Step 2 CK, mataki na biyu na USMLE, jarrabawar lasisin aikin likita a Amurka, ya dawo da ƙasa da 250, gara ya kwashi kuɗin ya sayi fili a bayan gari. Tun ranar 26 ga Janairun 2022 aka daina ba da maki a Step 1, matakin farko, ko ka ci ko ka faɗi, shi ke nan. Yanzu lamba ɗaya ce ta rage da asibitocin Amurka za su auna ka da ita. Su 'yan can matsakaicinsu ma kusan 250 ne. Kai baƙo, mai neman biza, ka zo da 235, wa zai dube ka? Hanyar samun makin kuma ɗaya ce: ka yi UWorld, rumbun tambayoyin atisaye na intanet, sau biyu daga farko har ƙarshe, littafi kuwa ka tura shi ƙarƙashin gado.

Bello: Wa alaikumus salam. Kai da ko Step 1 ba ka rubuta ba?

Shamsu Ƙofar Ƙaura: Ai ba sai na faɗa rijiya zan san tana da zurfi ba.

Dakta Rabi: Shamsu ƙanena, magana biyu ka haɗa, kuma kowace rabinta ne gaskiya. Bari in fara da makin, don ni na zauna jarrabawar, 244 na samu, kuma ban sayi fili ba.

Wannan lambar da kake rantsuwa da ita ba ma'aunin 'yan gwal ba ce. Masu shirya USMLE da kansu sun bayyana cewa akwai kuskuren awo na wajen maki 6, kuma da mutum zai sake zama da irin ilimin nan nasa, makinsa kan iya hawa ko sauka da kamar 8. To mai 246 da mai 252, wa ya fi wani sani? Babu mai iya rantsewa. Wataƙila ɗaya ya yi barci daren, ɗayan sauro ya hana shi. Makin tsallakewa 214 ne a da, aka ɗaga shi zuwa 218 daga 1 ga Yulin 2025. Tsakanin 218 da 250 akwai jama'a jingim, kuma ba duka suka koma gida ba.

Na yarda da kai a wuri guda: in tiyatar ƙashi kake so, ko fannin fata, to 250 ɗin ma ba za ta ishe ka ba, ga su nan 'yan ƙasa sun cika layi. Amma mu baƙi ina muka fi samun shiga? Likitancin manya, na iyali, na yara, sai ɗakin gwajin cututtuka. A nan ana duba shekara nawa da gama makarantarka, wa ya rubuta maka takardar shaida, ka taɓa aiki a asibitinsu ko ba ka taɓa ba, sannan yadda bakinka yake a ganawa.

Shamsu Ƙofar Ƙaura: Anti, da girmanki, amma kafin a kai ga ganawa ai na'ura ce ke tacewa. Asibiti ya samu takardu dubbai, ya sa wa kwamfuta lamba, duk wanda bai kai ba ta zubar da shi. Ba wanda zai karanta wasiƙarki mai daɗi. Ko a rabon guraben horon ƙwarewa na watan Maris, baƙin da ba 'yan ƙasa ba kusan shida cikin goma ne ke samu. Sauran huɗun fa?

Dakta Rabi: Tacewa gaskiya ce, ana yi. Wa ya ce maka 250 ce lambar tacewar kowa? Kowane asibiti da tasa. Su huɗun da kake tambaya kuma, ka bincika ka ji ko duka ƙarancin maki ne ya kada su. Wani sau biyu ya zauna Step 1, wani shekara goma da gama makaranta, wani kuma fannin da ya fi ƙarfinsa ya nema.

Mansir Daura: Ku bar ni da batun maki, ban kai nan ba. Maganar karatu zan yi, don ni ɗan tsangaya ne kafin a kai ni boko, kuma abin da Shamsu yake ta yi wa kirari mun san shi tun muna wanke allo.

Almajiri bai san ya iya karatunsa ba sai ya kifa allon. Muddin idonka na kan rubutu, zuciyarka za ta riƙa ce maka ka iya, alhali gani kawai kake. Shi ya sa gardawa ke musaffa: a zauna da'ira, wannan ya ja da ka, ya tsaya, na gaba ya ɗauka, in ka yi tuntuɓe a gyara maka nan take. Alaramma kuwa ba a kiransa alaramma sai ya rubuta da ka. Turawa sun zo sun auna wannan daga baya. A 2006 Roediger da Karpicke suka raba ɗalibai, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta sau ɗaya aka yi ta tambayarsu abin da suka tuna. Bayan mako guda masu amsawa da ka sun riƙe kashi 61, masu maimaita karatu kashi 40. Abin dariyar, masu maimaitawar su ne suka fi jin za su tuna.

Don haka amsa tambayoyi ya fi zaman ja wa littafi layi da alƙalami mai launi, wannan babu ja. Inda muka rabu da Shamsu shi ne zagaye na biyu. Tambayoyin UWorld sun haura 4,000. In ka dawo kansu karo na biyu, da yawa ba ilimin kake tunawa ba, fuskar tambayar kake ganewa. Ka ga "mace 'yar shekara 34 ta dawo daga zango a daji", kafin ka kai ƙarshe hannunka ya tafi ga amsa ta uku. Sai ka ga kashi 85, ka ji kanka ya kumbura. Wannan komawa kallon allo ne.

Bello: Wallahi ni ne wannan. Zagaye na farko kashi 58, na biyu 84, na yi gwajin NBME, wato gwajin auna kai na masu shirya jarrabawar, sai ga ni inda na baro.

Shamsu Ƙofar Ƙaura: To Malam Mansir, mene ne maganin? Mu koma haɗiyar littafi mai shafi dubu biyu?

Mansir Daura: A'a. Zagaye ɗaya, amma da gaske. Tambaya 40 a awa ɗaya, a gauraye, kar ka zaɓi fannin da kake so. Sannan ka ba bayanin amsoshin awa biyu ko uku, har da waɗanda ka ci, don wata da sa'a ka ci ta. Duk wadda ka faɗi ka tambayi kanka: ban sani ba ne, ko na sani ban karanta tambayar da kyau ba, ko na canza amsa a banza? Cuta uku ce, magani uku. Wadda ba ka sani ba ita kaɗai ce za ta kai ka littafi, shafin nan kawai, ka dawo. Abin da ka koya kuma ka sa shi a Anki, manhajar bitar karatu, ya riƙa dawo maka da shi bayan kwana ɗaya, kwana uku, mako, wata. Tishi ke nan, sai dai waya ce ke tuna maka lokacinsa maimakon bulalar malam.

Zainab: Yaya Mansir, ina da ja. Wannan tsarin naka na wanda ginshiƙinsa ya kafu ne. Mu da yaƙin Sudan ya tarwatsa a Afrilun 2023, wasunmu sun ƙarasa karatu a guntu-guntu, nan wata uku can wata biyar. Ni yanzu jarrabawar MDCN, hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, ta waɗanda suka yi karatu a waje nake fuskanta. Na gwada fara tambayoyi kai tsaye a fannin ƙoda, na faɗi 30 cikin 40, bayanin ma ban gane shi ba. Yaron da bai san baƙi ba ai ba a kai shi musaffa. Sai da na koma na zauna da littafi mako biyu cur kafin tambayoyin suka fara yi mini magana.

Mansir Daura: Kin kama ni da hannuna. Sai an yi babbaƙu da farfaru kafin hadda. Na janye rabin maganata.

Shamsu Ƙofar Ƙaura: Wannan ai larura ce ta daban. Ni da waɗanda suka gama a nan gida nake.

Dakta Rabi: Su na gidan ma akwai ramin da UWorld sau goma ba zai cike ba in ba su lura ba. Mu nan an horar da mu a kan zazzaɓin cizon sauro, sikila, sanƙarau, ƙyanda, tamowa, jijjigar masu ciki. Ka ba ɗan Katsina yaro mai sikila cikin dare, ba ya ko duba littafi. Amma tambayarsu za ta ce maka mutum lafiya lau ya zo duba jiki, me za ka yi masa? Amsa ita ce a fara binciken kansar hanji daga shekara 45. Mu wa ke zuwa asibiti lafiya lau?

Wanda ya fi ba ni wahala ma ba wannan ba ne, tambayoyin ɗa'ar aiki ne. A nan in aka gano tsoho na da ciwon da ba ya warkewa, babban ɗansa za ka ja gefe, shi zai ce kar a gaya wa Baba, kai ma ka ga hakan ne tausayi. In mace ce, sai mijinta ya zo ya sa hannu. A jarrabawarsu duk wannan faɗuwa ce. Mara lafiya mai hankalinsa shi ke da labarin ciwonsa, shi ke yanke hukunci, ko da ya ce ba ya son maganin da zai cece shi. Na yi wata biyu ina zaɓar amsar da tarbiyyata ta ba ni, ina faɗuwa, kafin na gane ba ilimi ne ya gaza ba. Sai da na koyi cire hular gida in na zauna gaban kwamfuta, in mayar da ita in na shiga ɗakin marasa lafiya.

Cif Lawal: Ina karanta ku tun ɗazu. Akwai abin da ba wanda ya faɗa, kuma shi ne ya fi duk wannan cacar baki muhimmanci. Jarrabawar nan in ka ci ta, ba a sake maka ita don gyaran maki. Ka samu 221, ka ci, kuma 221 ɗin ce taka. In ka faɗi, faɗuwar na nan a takardarka kowa zai gani, kuma sau huɗu kawai ake ba mutum dama a kowane mataki. Ga ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, na son a kammala jarrabawoyinta cikin shekara bakwai. Saboda haka tambayar da ya kamata ku yi ita ce yaushe ya halatta mutum ya shiga, ba nawa zai ci ba.

Wani yaro da ya yi aiki a ƙarƙashina ya biya sama da dala 1,000, ya sayi tikitin Akra inda zai rubuta jarrabawar, ya kama ɗaki, gwajinsa na ƙarshe na nuna masa bai shirya ba. Na ce ya ɗaga. Ya ce kuɗin jirgi zai ƙone. Ya tafi, ya ci da ƙyar, yau shekara uku yana cizon yatsa. Sauri ya haifi nawa.

Ni shawarata: gwajin NBME sabo, wanda ba ka taɓa gani ba, sau uku a jere cikin makonnin ƙarshe, a zaune, da agogo, waya a kashe. Ka duba mafi ƙanƙanta cikin ukun. In ka yarda ka rayu da wannan lambar, bismilla. In ba ka yarda ba, ka ɗaga. Kuma aƙalla sau ɗaya ka zauna awa 9 cur kamar ranar jarrabawar, don tambaya ta 280 ba da ilimi kaɗai ake amsa ta ba, da ƙugu da mafitsara ake amsa ta.

Shamsu Ƙofar Ƙaura: Ranka ya daɗe, ai maganata ka ƙarfafa. Tunda sau ɗaya ce, sai mutum ya jira har gwajinsa ya kai 250.

Cif Lawal: Ko kuma ya yi ta jira har shekarun gama makarantarsa su yi yawa a daina dubansa. Na ga wannan ma. Mai kwanan asibiti sau uku a mako, ga wuta babu, ga iyali, in ya ce sai 250 zai shiga, wataƙila furfura ta riga shi. Wanda ya tsaya a 240 wata uku ba ya motsi, ya shiga kawai ya mai da ƙarfinsa wajen neman takardun shaida.

Kuma kar ku mance akwai jarrabawar farko ta kwalejin ƙwarewar likitoci ta Najeriya da ta Afirka ta Yamma. Su ba ruwansu da 250, ka ci ka wuce. Mutanen Jibiya da Mai'aduwa ma na son likita.

Bello: Cif ya fara wa'azin hana tafiya.

Cif Lawal: Ban hana kowa ba. Wanda zai tafi ya tafi da shiri.

Zainab: Ni dai abin da na ɗauka, gobe zan nemi mutum uku mu fara musaffar Yaya Mansir bayan isha'i. Kowa ya zo da tambaya goma, littafi a rufe. Wa ke so?

Shamsu Ƙofar Ƙaura: Sa sunana. Amma ban sauka daga 250 ba, ku rubuta ku ajiye. Zagaye na biyun ne kawai zan rage, in tsaya a kan waɗanda na faɗi.

Dakta Rabi: Ka fara cin Step 1 tukuna. Ni an kira ni ɗakin haihuwa, sai da safe.