Benaye 12 a filin bayan masallaci

Baban Amira: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Filin bayan masallaci da yara ke ƙwallo, gidaje 12 za a jera a ciki, benaye manne da juna, bango ɗaya tsakanin gida da gida, irin waɗanda ake ce wa teras a Abuja. Jiya na ga zanen da idona. Tagogin sama tsakar gidana suke kallo, daidai inda iyali ke girki da shanya. Hukumar tsara birni ta sa Laraba don jin ta bakin maƙwabta kafin ta sa hannu. Lambatunmu ko ruwan bana bai iya ɗauka ba, sai da muka ɗora katifu kan kujeru cikin dare. A haka za a cika mana layi da baƙi?

Maman Khalifa: Baƙi? Shekara tara ina haya a layin nan. Duk karo-karon gyaran taransifoma da ni ake yi. Ashe har yau baƙuwa ce ni.

Baban Amira: Haba Hajiya, ba da ke nake ba.

Maman Khalifa: To da wa kake? Duk wanda zai shiga gidajen nan haya zai kama kamar ni.

Kawu Direba: Kowa baƙo ne a nan. Da na zo, gero ake nomawa inda gidanka yake, Baban Amira. In ana neman 'yan ƙasa, su ne waɗanda aka yanka gonakinsu aka sayar mana.

Ɗan Liman: Kawu, akwai bambanci. Ku kun zo kun gaida mai unguwa, kun shiga sahu. Masu irin gidajen can get suke rufewa su sa mai gadi. Ba suna, ba jana'iza.

Maman Khalifa: Ka taɓa zama da su ne?

Injiniya: Don Allah mu dawo kan fili. A dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin birni amana ne a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka. Abin da hukuma za ta duba shi ne: a tsarin unguwar, filin na gidaje ne ko an ware shi don jama'a? Sai tazarar gini da katangar maƙwabci, wurin ajiye motoci, da inda ruwa zai bi. Tagogi ana iya neman a juya su ko a ɗaga su. Wa ke da taswirar da aka yanka filayenmu da ita?

Auta: Ni dai an ce mai filin wani babba ne a tsohuwar gwamnati.

Kawu Direba: Wa ya ce?

Auta: A bakin masallaci kowa ya sani. Irin wannan ne ya jawo rusau a Kano a Yunin 2023, aka sauke gine-ginen Daula Otal da shagunan Filin Idi.

Kawu Direba: Shagunan da kotu ta ce a biya masu su diyyar naira biliyan 30? Ɗan ƙanwata duk jarinsa a can ya tafi. Kada ka sake kawo mini wannan magana, yaro.

Auta: Kawu, ka tuna yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a 2022, atamfofi suka jiƙe? Gini a kan hanyar ruwa ne.

Ɗan Liman: Auta, ka iya bakinka, sa'an babanka ne.

Auta: Ban zage shi ba. Gaskiya ce ba a so.

Baban Amira: Ni tagogi da lambatu na kawo, jama'a. Matata ta ce ko ɗankwali ba za ta iya cirewa a gidanta ba.

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda ba ma son ginin nan. Baban Amira ya yi gaskiya, kuma kalmar baƙi ba zagi ba ce, waɗanda suka ɗauke ta da zafi su yi haƙuri. Mu da muka zuba kuɗinmu muka yi gini a nan mu ne abin zai fi shafa. Masu gida su haɗu a ƙofar mai unguwa ranar Talata bayan isha'i, a sa hannu a takarda.

Maman Khalifa: Ni ban ce ba na son ginin ba. Kuma masu gida kawai? Ɗakina ne ya fi kusa da lambatun nan, Alhaji.

Injiniya: Har yanzu ina jiran taswirar.