Na sa wa Marsandi 190 injin silinda shida, na kwashe kayan baya, yanzu bayanta ba ya zama a titi

Mai 190, Agege:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san ƙafar bayan Marsandi 190, don abin da motar nan ta yi mini makon jiya har yanzu bai bar raina ba.

Motar ta mahaifina ce, Allah Ya jiƙansa, ƙirar 1990, mai giyar hannu. Shekara shida tana lulluɓe da tamfol a bayan gidanmu. Injinta na asali, M102 mai silinda huɗu, ya buga tun yana raye. Da na tashi tayar da ita bara sai na ce a sa mata babba kawai. Na samo M104 mai silinda shida, lita 3.2, a kasuwar kayan mota ta Ladipo, wanda aka ciro daga Marsandi V-boot. Ƙarfinsa doki 220, na da kuwa wajen 120 ne. Wata biyar muna fama ni da bakanikena kafin ya zauna daidai, sai da muka nemo lagireto da sifirin gaba na 190 mai injin lita 2.6. Ranar da ya tashi na daɗe zaune a ciki ina sauraron sa, ko giya ban sa ba.

Daga nan na shiga rage nauyi, tunda duk wanda ka ji yana maganar irin wannan aiki abin da yake faɗa ke nan. Na cire kujerar baya, safaya taya, jak, kafet, da baƙin abin nan mai kama da kwalta da ke manne a daɓen mota, wanda na kwana biyu ina kankarewa. Tukunyar salansa ta baya ma ta tafi, aka sa bututu. Na kai kayan wurin 'yan gwangwan na unguwarmu suka ɗora mini a sikeli, kilo 58.

Ranar Alhamis bayan asuba, ana ɗan yayyafi, na hau gadar Third Mainland zan je Obalende. Gudun da nake bai wuce 80 ba. Ina taka ɗaya daga cikin mahaɗan ƙarfen nan na gadar sai bayan motar ya yi tsalle ya goce dama, ga danfo dab da ni. Na riƙe sitiyari, na sassauta totur a hankali, Allah Ya tsare. Har na sauka gadar ƙafata rawa take. Ban da wannan, in na saki kulochi ina jin "ƙum" daga ƙasa, kuma bayan ya ɗaga har tafin hannuna yana shiga tsakanin taya da jikin mota.

Bakanikena ya ce a yanke zagaye ɗaya da rabi na sifirin baya, a sa shokazoba mai tauri, a yi wa dif (akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya) walda don tayoyin biyu su riƙa ja tare. Mutumin kirki ne, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Hanyar ke nan? Kuma me ya rage da zan cire?

Baba Bakanike, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa ya huta. Ɗana, ajiye zarto tukuna.

Injin da ka sa dogo ne, na zubin ƙarfe, kuma silinda biyun da suka ƙaru ba baya suka tafi ba, gaba suka miƙe wajen lagireto. Kamar ka ɗora kusan buhun siminti a hancin motar ne, sannan ka zagaya baya ka sauke fiye da buhu. Motar nan da tayoyin baya take ja. Ƙarfin da ke zuwa musu ya kusa ninkawa, abin da ke danne su a kan kwalta kuwa ka kwashe. Ina tambaya, man da ke tankinka ranar nan ya kai nawa? Tankin 190 yana bayan jinginar kujerar baya, saman ƙafar baya, lita 55 yake ci. In ya cika, wajen kilo 40 ne zaune daidai inda kake buƙatarsa. In da kwata ka hau gadar, to ka ƙara ragewa ba ka sani ba.

Kafin ka kashe ko sisi, cika tanki, ka sa buhun siminti ɗaya a but ka ɗaure shi sosai, ka bi hanya mai gargada a hankali rana tsaka. Abin da ka ji ka zo ka faɗa mana.

Amma inda na fi zargi shi ne bushin, wato robobin da ke mahaɗan ƙafar. Ƙafar bayan 190 hannu biyar gare ta a kowane ɓangare. A kanta kamfanin Mercedes ya fara wannan tsari a 1982, daga baya V-boot ta gada. Kowane hannu da roba a bakinsa, ga manyan robobi huɗu da ke riƙe gadon ƙafar da jikin mota, ga na dif. Robar da ta haura shekara 30, ta kuma yi shida a zaune cikin laimar Legas, me ya rage mata? Da ƙaramin inji ba za ka ji ba. Da wannan, kana taka totur tayar baya sai ta karkata da kanta kamar wani ne ke murza mata sitiyari. Ɗaga motar, ka sa ƙarfe ka ɓanɓari kowane hannu, ka duba da tocila. "Ƙum" ɗin da kake ji ko dai robar dif ce, ko faifan robar furofela. In faifan nan ya tsage kana gudu, furofela sai ta daki ƙasan mota, don haka kada ka bar shi sai gobe.

Hannayen ƙarfe ka iya sayen tokunbo in suna miƙe, amma robar ka nemi sabuwa. Kuma a gaya wa wanda zai ɗaura kada ya ƙarasa ɗaure notuna sai mota ta sauka ta zauna kan tayoyinta. In aka ɗaure tana rataye, robar a murɗe za ta zauna, wata kaɗan ta yage. Na ga wannan ya fi a ƙirga.

Maganar tsayi kuma, ba sai an yanka komai ba. A saman kowane sifirin akwai kushin roba mai 'yan ƙulli a gefe, ƙullin ke nuna kaurinsa. Shafa da yatsa ka ƙirga. In mai uku ne a naka, nemi mai ɗaya. Da yake sifirin a tsakiyar hannun yake zaune, ba a bakin taya ba, ɗan abin da ka rage a can sai ya fi haka a wajen taya. Sifirin da aka yanke tauri yake ƙarawa, bayan da ba nauyi kuma in ya yi tauri tsallen ne zai ƙaru. In da wutar gas aka yanka, an kashe ƙarfen ma. Sannan 190 in ta sauka da yawa kan tayoyin baya ciki yake kwantawa, kamfani bai sa wurin gyara wannan ba, sai ka ga cikin taya ya cinye wajen yana sabo.

Ɗan Kaduna a Mile 12:

Oga, sannu da ƙoƙari, aikin nan ba ƙarami ba ne. Baba ya gama magana kan bushin, ba abin da zan ƙara. Ni dai ba na so ka fasa rage nauyi, wurin da ka rage ne bai dace ba.

Batir ɗinka yana gaba ko? Mayar da shi but. Kusan kilo 20 ne, ka sauke daga gaba ka ɗora a baya, riba biyu. Su kansu Mercedes da suka cusa V8 a V-boot suka yi 500E, but suka kai batir. Fankar inji ka sa ta lantarki. Esi kam kada ka taɓa, wanda ya taɓa tsayawa a gosulon Oshodi ƙarfe biyu na rana ya san dalili.

Wane rim ke ƙafarta? In irin manyan 17 ɗin nan ne masu sheƙi, auna ɗaya da tayarsa. Nauyin da ke jikin taya shi shokazoba ke kokawa da shi a kowane rami, in ya yi yawa taya sai ta riƙa barin ƙasa. Sannan dif ɗin da ke zuwa da mai silinda huɗu ƙarami ne, faɗin babbar giyar cikinsa milimita 168. Nemi mai 185 na V-boot mai silinda shida tun bai watse maka a hanya ba. Walda kuwa ni na yi wa tawa, a fili tana juyawa yadda nake so, ban yi nadama ba.

Baba Bakanike, Idi-Araba:

Ɗan Kaduna, a fili ka ce. Shi kan gada yake bi cikin ruwa. Dif an yi shi ne don tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. In ka haɗe su, dole ɗaya ta ja ƙasa a kowace kwana, kuma ranar da suka saki tare za su saki. Sauran maganarka daidai ce, har ta dif babba.

Mai Wayarin, Alaba Rago:

Malam, in za ka kai batir but, don Allah ka ji wannan. Waya mai kauri irin ta injin walda, fis babba dab da kan batir ɗin, ba can gaba ba. Duk inda wayar ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. A kafe batir da ƙarfe da noti, ba igiya ba, a cikin akwati, a fitar masa da siririn tiyo waje don iskar da yake fitarwa. Ka tuna tankin mai yana nan kusa, kai kuma ka cire kujera. Duk wata ɓula da ke bangon ƙarfen nan na tsakaninka da but ka toshe ta.

Mai 190, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na bari sai da na gwada kafin in dawo.

Baba, ranar nan allurar mai ƙasa da kwata take. Na cika tanki, na sa siminti, na bi ta Iju a hankali. Tsallen ya ragu sosai, amma in na taka totur bayan yana ɗan lilo. Da muka ɗaga ta, hannaye uku a dama robarsu ta rabu da ƙarfe, da yatsa nake tura su. Faifan furofela na baya ya tsattsage har zare ya fito. Bakanikena ya daɗe yana kallon sa, ya ce mu gode wa Allah.

Mun canza bushin duka da na gadon, muka ɗaure tana ƙasa kamar yadda kuka ce. Kushin sifirin mai ƙulli uku ne, muka sa mai ɗaya, shokazoba irin na asali sabo, sannan aka yi alaimen. Safaya da jak sun koma wurinsu. Rim kuwa 17 ne, Ɗan Kaduna, kilo 23 kowane da taya. Na 15 da mahaifina ya bari a sito kilo 17, su na mayar. Batir yana but ta dama, da fis da akwati.

Jiya na sake hawa gadar bayan ruwa, tanki rabi, ba siminti. Ta taka mahaɗan nan ɗaya bayan ɗaya ta wuce a miƙe. Dif ɗin ina nema, ba walda. Abin da ya rage birki ne, don na lura sai na danna da ƙarfi kafin ta tsaya. Baba, na gaban V-boot mai silinda shida zai shiga cikin rim 15, ko sai na sake wani abu?